Kafin Shamuwa Ta Sauka: Yawon Bazara da Iyali a Ƙasar Basirka

A garinmu Basirka, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, akwai 'yan makonni a shekara da manomi yake samun kansa. Hatsi ya daɗe da shiga rumbu, hunturu ya naɗe tabarmarsa, masu lambu sun kusa gama kwashe albasa da tumatir, ruwan shuka kuma bai sauka ba tukuna. Ita ce bazara, daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu. Mutane da yawa ba su san ta da komai ba sai zafi. Gaskiya ne kuwa, rana takan take har ma'aunin zafi ya kai 40 ko ya ɗara, ƙasa ta ƙi takuwa in ba da takalmi ba. Amma a cikin wannan zafin na san ƙasarmu, domin a bazara ne mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake samun sukunin ɗora ni a bayan kekensa ya ce, "Taho mu je mu gai da gona."

Yau ga shi ni ma na tara iyali, ina koyarwa a makarantar firamare, ina kuma noma gonar da ya bar mana. Wata rana na tambayi 'yan ajina ko akwai wanda ya taɓa ganin zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. Aji ya yi tsit. Wasu ma sun ɗauka a ƙasar waje abin yake. Tun daga ranar na ɗauki alkawarin cewa ba bazarar da za ta wuce ban fita da iyalina ba, ko sau biyu ne, su ga abin da Allah Ya ajiye mana a ƙofar gida.

A Turai idan sanyi ya wuce, furanni suka buɗe, iyalai kan fita shan iska. Mutanen Masar suna da ranar da suke kira Shammun Nasim, wadda kowa yake kwasar 'ya'yansa zuwa lambuna da bakin kogin Nilu. Tamu bazarar da ƙura da gumi take zuwa, amma ita ma ba hannu rabbana take zuwa ba: tana kawo mangwaro da ɗorawa, da kamun kifi, da bukukuwan aure da ake hanzarin gamawa kafin ruwa ya tsare mutane a gona. Hutun zango na biyu na makarantun boko ma yakan faɗo a wannan tsakanin.

Gai da gona

Fitar da ta fi kowace sauƙi ita ce wadda na gada, don ba ta cin ko kwabo. Ana idar da sallar Asuba sai mu ɗaura wa shanu amalanke, mu loda takin da aka tara a turke tun rani, yara su ɗare a kai, uwargida ta riƙo ƙwaryar fura da goran ruwa. Kafin rana ta ɗaga mun isa.

Aikin bazara a gona ba mai karya baya ba ne. Sharar gona ce: a tattara karan da dabbobi suka rage, a sassabe sabara da kargon da suka tofo, a zuba taki tsibi-tsibi. Yaro zai iya sa hannu, ya gaji ya koma inuwa. Inuwar kuwa ta gawo ce, domin a cikin itatuwanmu shi ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi shar, shi sai ya kaɗe ganyensa, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma ya yi kore, ya zubo wa awaki da tumaki 'ya'yansa, dabbobi su kwanta a gindinsa su bar taki. Shi ya sa shukar da ke ƙarƙashin gawo take fin ta gefe kyau, shi ya sa kuma dattawa suke faɗa idan suka ga wani ya ɗaga masa gatari. A aji nakan bayyana wannan da alli, amma babban ɗana bai riƙe shi ba sai ranar da ya tona ƙasar gindin gawo da hannunsa ya ga yadda ta fi ta tsakiyar gona duhu da laushi.

A gefen gonar akwai ɗorawa biyu da kakanmu ya bari. A wannan lokacin ne 'ya'yanta suke nuna, dogaye suna reto. Nakan sa ƙugiya in sauko da su, yara su ɓare su sha garin, baki da hanci duk su yi ruwan ɗorawa. Daga nan darasi ya koma hannun mahaifiyarsu. Ita ce take nuna musu cewa ƙwallon da suke tofarwa shi ne kalwa, wadda ake dafawa a sheƙe a rufe har ta zama daddawar da ke cikin miyar kukar da suka sha jiya, ɓawon kuma shi ake jiƙawa a sami makubar da ake daɓen ɗaki da ita. Autarmu ta tattara kalwar a bakin zanenta ta ce, "Inna, wannan tawa ce, ni za ki dafa wa." Har yau idan aka sa daddawa a miya sai ta tambaya ko tata ce.

A hanyar dawowa mukan ratsa ta lambun wani maƙwabcinmu mu sayi mangwaro a gindin bishiya, wanda ya nuna a uwa, ba wanda aka rufe a buhu ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya mun shiga gida.

Ranar kasuwa

Yaran birni suna da wuraren wasa masu lilo. Mu a ƙasar Gwaram muna da kasuwa, kuma kasuwar Sara ta ishi yaro kallo yini guda. Kasuwar bazara daban take da ta kaka. Da kaka buhuna ake saukewa, riɗi da gyaɗa da zoɓo da wake, manyan motoci suna lodi. Da bazara kuwa kowa shirin damina yake yi. Layin maƙera ya cika da sababbin fartanyu da sungumi da garmar shanu. Masu iri sun baje gero da dawa a kan tabarma, manomi ya ɗibi kaɗan a tafin hannu, ya hura, ya ciza ɗaya, sannan ya tambayi kuɗin tiya.

Nakan fara kai yara wajen maƙeri su tsaya su ga yadda ɗan zuga yake danna zugazugi, ƙarfe ya yi jajir, a ɗora shi a kan uwar maƙera a yi ta duka har ya zama ruwan fartanya. Bara na sa aka ƙera wa ɗana na biyu 'yar ƙarama daidai hannunsa, aka sa mata ƙota a gabansa. Bai yarda kowa ya riƙe masa ita ba har muka iso gida.

Daga nan sai kara, inda ake cinikin shanun huɗa, domin a wannan lokacin ne mai neman bijimai yake fitowa. A nan yaro yake ganin dillali yana kai da komo tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya ji "albarka" sau biyar kafin ya ji "na sallama". A nan kuma yake koyon bambanta fararen shanun Bunaji da jajayen Rahaji masu dogon ƙaho. Mukan rufe da fura da nono a wajen matan Fulani da ke zaune a inuwa da ƙorensu masu faifai, sai tsire ko ƙosai gwargwadon abin da aljihu ya yarda, da alewar da za a kai wa Kaka tsaraba. Abu ɗaya nake jaddadawa tun daga gida: kowane ƙarami yana da babban da zai riƙe hannunsa, kuma mukan zaɓi wata bishiya ko rumfa mu ce duk wanda ya ɓace a nan za a haɗu.

Shanun da ke jikin dutse

Babbar fitarmu ita ce ta Birnin Kudu. Gida uku muka haɗa kuɗi kamar yadda ake gayya, muka ɗauki shatar bas guda, maza da mata da yara, har da mahaifiyata, wadda dangin mahaifiyarta mutanen can ne. Muka bi ta Gwaram da sanyin safiya, rana ba ta yi nisa ba muka isa.

A kewayen garin akwai manyan duwatsu da suka hau kan juna suka bar rumfuna a ƙarƙashinsu. Sanannu daga ciki su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. A jikin waɗannan rumfuna mutanen da suka zauna a wurin tun zamanin da ba a rubutu suka zana shanu da jan launi da fari da baƙi. A shekarun 1950 ne masana suka mai da hankali a kansu, musamman Bernard Fagg, Baturen nan da ya yi aikin binciken kayan tarihin Nok, wanda kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Yanzu wurin yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma akwai ma'aikatanta a garin da suke raka baƙi. Ta wajensu ya kamata a fara.

Da muka shiga ƙarƙashin dutsen sai sanyi ya tarbe mu kamar mun shiga soron ƙasa. Sai da idanunmu suka saba da inuwa sannan zanen ya fito. Yara suka yi cirko-cirko. Babbar 'yata, wadda ita ke ba shanunmu dusa kowace safiya, ta daɗe tana kallo, can ta juyo ta ce, "Baba, ai waɗannan shanun ba su da tozo."

Ta gano abin da masana suka gano. Shanun da aka zana marasa tozo ne, wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere irin muturu. Su ne suka riga masu tozo zuwa wannan yanki na Afirka. Yau muturu galibi sai can kudancin ƙasar nan, inda ƙudan tsando yake, saboda suna jure cutar sammore da take kashe irin namu. Wato dutsen yana ba da shaidar wani zamani da makiyayan wannan ƙasa suke kiwon wasu shanu dabam da waɗanda muka gani a kara. Na ce mata, "Allah Ya yi miki albarka, idonki ya fi nawa, don ni sai da aka nuna mini."

Sai kuma duwatsu masu amo. Akwai wasu faffaɗan duwatsu da idan ka ɗauki ƙaramin dutse ka buga su, sai ka ji ƙara kamar ta ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Jikinsu duk 'yan ramuka ne masu santsi, gurbin bugun hannuwan da suka shuɗe. Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956, daga nan aka shiga gano irinsu a wasu sassan Nijeriya da ƙasashen Afirka. Jagoranmu ya buga, yara suka zabura, sannan kowa ya ce sai ya gwada.

Mahaifiyata tana zaune a gefe ba ta ce komai ba. Da aka gama sai ta yafito jikokinta mata ta ce, "Ku zo ku ji. Kakata ta ba ni labari, a zamaninsu idan za a kai yarinya ɗakin miji, ita da ƙawayenta nan suke zuwa su yini suna buga dutsen nan." Ta miƙa hannu aka ba ta dutsen bugun, ta ƙwanƙwasa sau uku a hankali. Shekara arba'in da wani abu ina tare da ita, ban taɓa jin wannan labari daga bakinta ba sai ranar. Da mun bar ta a gida, kamar yadda aka saba barin tsofaffi da mata idan za a fita, da labarin ya tafi da ita.

Wannan ne ya sa nake roƙon 'yan'uwana magidanta: idan za a fita, a fita da kowa. Matanmu da yawa ba sa ganin hanya sai don biki ko suna ko asibiti. Fita cikin mutunci, tare da maigida da 'ya'ya, ba ta rage wa gida komai, ita ma uwar yara tana da haƙƙin ta ga ƙasar da take haifa wa 'ya'ya.

Kafin mu juyo mun bi ta gaban tsohuwar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, na nuna wa yara makarantar da Alhaji Aliko Dangote ya kammala. Na ga ɗana ya leƙa ta taga yana ta kallon ginin har ya ɓace.

Idan Sallah ta faɗo a bazara

Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana goma ko sha ɗaya, don haka Sallah tana zagaya yanayin shekara. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah a bazara ta riƙa zuwa: ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, sai 30 ga Maris a 2025. Babbar Sallah kuma, wadda aka yi ranar 6 ga Yuni a 2025, ita ce take matsowa cikin bazara yanzu. Yaran da suke tasowa a yau za su tuna Sallah da zafi da mangwaro, kamar yadda wasunmu muke tuna ta da hazo da jin ɗumi.

Gwaram da Birnin Kudu duk a ƙarƙashin masarautar Dutse suke, ɗaya daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991. Mai hali yana iya kai iyalinsa Dutse kallon hawa, su ga Mai Martaba Sarki Hamim Nuhu Sanusi, wanda ya gaji mahaifinsa a 2023, su ga hakimai da dawakai sun sha ado, 'yan bindiga suna harbi, masu algaita da kakaki suna busa. A dawo da dabinon Dutse tsaraba. Wanda bai samu zuwa ba kuma yawon Sallah na gida ya wadatar, in dai an yi shi da niyya. Mu mukan ware rana guda mu zaga dangi na ƙauyuka, in tsaya a ƙofar kowane gida in bayyana wa yara yadda muke da masu shi: nan gidan Gwaggo ne, ƙanwar kakanku, nan na Kawu ne, shi ya riƙe ni lokacin da nake makarantar allo. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar yaro ba ta sanin hanya sai an bi da ita.

Bakin ruwa da farin wata

Idan bazara ta yi nisa, ruwan fadamu da kududdufai yakan ja baya, kifi ya taru wuri guda. A nan ne ake sa ranar su. Masunta su shiga da koma da gora, sauran jama'a su tsaya a gaɓa, a riƙa fito da tarwaɗa da karfasa. Wani lokaci a tono gaiwa daga cikin busasshen taɓo, inda take kwanciya ta jira damina watanni ba ci ba sha. Yara suna son ganin wannan ƙwarai. Sai dai ruwa ba shi da sabo. Ba na barin nawa su shiga, kuma ba na ɗauke ido daga kansu ko na ƙiftawa.

Da dare kuwa zafi da kansa yake fito da mutane waje. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, samari su yi langa a dandali, 'yan mata su yi gaɗa. A gidanmu idan wata ya yi fari mukan kashe rediyo, a ajiye waya, Kaka ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi, daga nan a shiga kacici-kacici har barci ya kwashe ƙanana ɗaya bayan ɗaya.

Hattara da rana

Bazara tana da haƙori, ni ma na ɗanɗana. A fitarmu ta farko mun makara, ba mu bar gida ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ruwan da muka ɗauka kuma bai kai ko'ina ba. Muna cikin tafiya autarmu ta yi laushi, leɓenta ya bushe, ta daina magana. Allah Ya taimake mu da wata rugar Fulani a kusa, suka ba mu inuwa da ruwa, mahaifiyarta ta riƙa jiƙa mayafi tana shafa mata har ta dawo hayyacinta. Tun daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida: fita bayan Asuba a dawo kafin Azahar, ko kuma a bari sai bayan La'asar. Ruwa ya fi abinci yawa, a naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. Kowane yaro da takalmi da abin rufe kai. A wajen duwatsu ba a cusa hannu a rami, saboda maciji da kunama su ma inuwa suke nema, kuma ba a jifan gidan zuma.

Wannan ne kuma lokacin sanƙarau da ƙyanda. A tabbatar yara sun karɓi rigakafi, a guji cunkoso a ɗaki marar iska. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, asibiti za a nufa da shi nan take, kada a tsaya jiran gobe.

Su ma wuraren suna da haƙƙi a kanmu. Zanen da ya jure rana da ruwa tsawon zamunna, gawayi ko ƙusa a hannun yaro ɗaya na iya ɓata shi a minti guda. Ba a taɓa shi, ba a watsa masa ruwa don hoto ya fito, ba a rubuta suna a gefensa. Ledar da muka zo da ita mu koma da abarmu.

Ruwan fari

Wata safiya cikin watan Mayu za ka ɗaga kai ka ga shamuwa ta sauka a kan kuka ko tsamiyar bakin gari tana haɗa sheƙa. Daga nan dattawa za su fara duban gabas. Iska ta juya, hadari ya haɗo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, yara su fito tsakar gida suna tsalle. Yawo ya ƙare ke nan sai baɗi, in Allah Ya kai mu.

Bara da ruwan shuka ya sauka, ina gaba da sungumi ina sara, yara suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Da muka zo gindin gawo, sai na ji babbar 'yata tana ce wa ƙanenta, "Rage hannu a nan, ƙasar tana da ƙarfi, kowace ƙwaya za ta fito." Muryar mahaifina na ji a bakinta, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Ban juya ba, na ci gaba da sara.